Amsa: Wane tsohon gem na finafinan kimiyya zan fara saye?

Ɗan'uwa, ka ce ka samu tsohuwar na'urar wasan gem, Sega Mega Drive, wurin kawunka a Birni, kana neman kasat na wasannin da aka ɗauko daga finafinan sararin samaniya da mutum-mutumi. Fara da Alien 3 na 1992. Yana da wuya, lokaci na gudu kana neman fursunonin da za ka kuɓutar, amma in ka kama hannu ba ka ajewa. Bayan shi Jurassic Park na 1993, inda har dabbar fim ɗin kanta, wato dinosaur, irin manyan dabbobin zamanin da, za ka iya zaɓa ka yi wasa da ita. Super Star Wars na Super Nintendo ne, ba zai shiga na'urarka ba.

Kafin komai duba adafta. In ta Amurka ce, wuta mai ƙarfin volt 120 take ɗauka, kuran ɗinmu kuwa volt 220 ne. Ni haka na ƙone tawa, ina jonawa sai ƙauri da hayaƙi, raina ya ɓaci sosai.

Ƙurar hunturun Damagaram ita ce babbar abokiyar gaba. Kada ka hura kasat da baki, danshin yana kawo tsatsa. Ɗan auduga da alkol na kantin magani, goge haƙoran tagullar a hankali, za ka ga baƙi ya fito. Sannan ka sa shi cikin leda, nesa da rana.

In za ka saya a Kasuwar Dole ko a kawo maka daga Kano, a gwada a gabanka. Na jabu sun yi yawa, takardar jikinsu dishi-dishi take.