Yadda za ka kare kanka daga kisan motsi huɗu a wasan ches

Ɗan'uwa, ka ce kana riƙe da baƙaƙe, aka tura sojoji e4 da e5 (harafi da lamba sunan gida ne a kan allon ches), bishof ya zo c4, ka kai doki c6, sarauniya ta faɗo h5, ka fito da doki f6, sai kawai ta cinye f7 wasa ya ƙare. Kana tambaya ina matsalar take.

Matsalar tana gidan f7. A farkon wasa ba mai tsaronsa sai sarki kaɗai, ga bishof da sarauniya sun haɗa kai a kansa. Dokinka na f6 ya kai wa sarauniya hari, amma bai toshe mata hanya ba.

Da ka tura soja g6 ne maimakon doki f6. Idan sarauniya ta koma f3 tana sake leƙen f7, yanzu ne lokacin doki f6. In ta matsa b3, kai ɗaya dokin d4. Ko abokin wasanka ya ci f7 da bishof, sarkinka ya hau e7, sarauniya ta zo c4, ka tura b5, bishof ɗin nan ba zai tsira ba.

Amma ka kula: in ta fito h5 tun a motsi na biyu, kada ka yi saurin g6, za ta ci e5 ta wuce da hasumiyarka ta h8. Fara kai doki c6 tukuna.