Amsa ga Hajiyar da ke shirin yawo da mota mai ɗakin kwana kafin tattakin West Highland Way

Assalamu alaikum Hajiya. Allah Ya sanya albarka a ritayarku, ke da Alhaji. Kin ce za ku yi hayar mota mai ɗakin kwana ku zaga arewacin Sikotland na mako biyu, sannan ku wuce kai tsaye ku fara tattakin West Highland Way, doguwar hanyar ƙafa da ke yammacin Sikotland, don tara wa ƙungiyar agaji kuɗin haƙa rijiyoyi a gida, kina tambaya ko tsarin ya yi. Ni da maigidana mun yi yawon, mun kuma yi tattakin bayan mun bar aiki, don haka bari in faɗa miki abin da na gani.

Tsarin zai yiwu, amma tattakin ne babba, shi kuka yi wa mutane alkawari a kansa, yawon motar kuma shi zai bi bayansa. Hanyar da yawancin masu irin wannan mota ke bi, North Coast 500, mil 516 ce, daga Inverness ta zago ta dawo Inverness. A taswira kamar ba komai, amma a yamma da arewa akwai wurare masu yawa da titin na mota ɗaya ne, sai an riƙa kaucewa a 'yan wuraren da aka tanada don a ba wa na gaba hanya. Mutum zai wuni a kujera, direba ya gaji, ƙafa ta kumbura, gwiwa ta sage. A shekarunmu, mako biyu na irin wannan zama yana cinye atisayen da aka yi wata da watanni ana tarawa. Daga nan a ce gobe za a fara mil 96 a ƙasa daga Milngavie zuwa Fort William? Jiki ba zai yafe ba.

Abin da ya yi mana amfani shi ne taƙaita tuƙi. Mu tashi da safe, kafin azahar mun isa masauki, mu yi salla, sannan mu sa takalman da za mu yi tattakin da su, mu goya jakunkunan da kayansu a ciki, mu taka na awa biyu ko uku, da hawa da gangara. A nan ne za ki gane inda takalmi ke cizonki tun bororo bai fito ba, ki san wace safa ce ta karɓe ki. Kada ku damu da sai kun kammala zagayen. Rabinsa ma ya ishe ku kallo. Hanyar dutsen Bealach na Bà da ke zuwa Applecross kuwa ku bar ta, akwai allon gargaɗi a gindinta ga manyan motoci, ku bi ta bakin teku. Ku mayar da motar ana saura kwana biyu ko uku, ku kwana a gado na sosai, ku wanke kaya, ku huta.

Wasu za su ce ku riƙe motar ta zama masaukinku a lokacin tattakin. Wannan sai da direba na uku. Idan ku biyu ne ke tafiya, kullum da yamma sai an koma ɗauko ta, kuma gefen gabashin tafkin Lomond bayan Rowardennan babu titin da ke bin hanyar. Wurin nan, musamman daga Inversnaid zuwa Inverarnan, shi ya fi ba ni wahala, fiye da hawan dutsen Devil's Staircase da kowa ke tsoro. Saiwoyi ne da duwatsu masu santsi, wani wurin sai kin dafa da hannu kin sauko da ƙafa ɗaya a hankali, ruwa na gefenki. Na ga maigidana, mai saurin tafiya, ya tsaya yana neman inda zai kafa sandarsa kafin ya ɗaga ƙafa. Ku ba wa ranar nan lokaci mai yawa. Akwai kamfanonin da ke kai jaka daga masauki zuwa masauki, ku yi amfani da su, ba ragwanci ba ne. In kun gama, jirgin ƙasa na tashi daga Fort William zuwa Glasgow.

Ki sa Alhaji ya duba lasisinsa tun yanzu. Lasisin mota na yau da kullum a Birtaniya iyakarsa mota mai nauyin kilo 3,500. Wanda ya ci jarrabawar tuƙi kafin 1997 yana da izinin kilo 7,500, amma in ya kai shekara 70 sai da takardar likita zai ci gaba da riƙe shi. Sannan 'yancin kafa tanti a daji da dokar Sikotland ta 2003 ta bayar bai shafi motoci ba, ku kama wuri a sansani tun da wuri, nan ne ma za ku zubar da tankin banɗaki ku cika ruwa. Da alwala sau biyar, ruwan motar na saurin ƙarewa.

In da hali ku zaɓi watan Mayu. Daga Yuni 'yan ƙananan ƙwarin nan masu cizo suna fitowa tuli da yamma, sai da ragar rufe fuska. Kuma a tsakiyar bazara rana ba ta faɗuwa a Inverness sai bayan goma na dare, shafaƙi ba ya ɓacewa sosai, don haka ku tambayi malaminku yadda za ku yi da isha'i da asuba kafin ku tashi. Akwai masallaci a Inverness. Naman halal ku saya a Glasgow ku cika firij.

Maganar kuɗi, don Allah ku raba su sarai. Hayar mota, mai da masauki daga aljihunku, ku kuma rubuta haka a shafin gudummawar. Mutanenmu suna tambaya, kuma suna da gaskiya. Idan ƙungiyar tana da rajista a Birtaniya, ku tuna wa masu biyan haraji su amince da Gift Aid, duk fam 4 da suka bayar gwamnati za ta ƙara fam 1. In kun tsayar da rana ki sanar da mu, ni da maigidana za mu sa namu.