Amsa: Neman sunan kakanka da ya rasu a yaƙin Bama

Malam, Allah ya jiƙan kakanka. Ka ce ya tafi yaƙin Bama (wato ƙasar Burma, Myanmar a yau) bai dawo ba, kana neman inda aka rubuta sunansa. Shiga shafin CWGC na intanet, hukumar da ke kula da kaburburan sojojin Ingila da na ƙasashen renonta da suka rasu a yaƙin duniya, ka zaɓi yaƙi na biyu, 1939 zuwa 1945. Inda ake yawan yin kuskure shi ne suna: Turawa kan rubuta sunan mutum haɗe da garinsu, kamar Audu Kano, kuma rubutun yakan karkace, don haka gwada Audu, Abdu, Awudu. In akwai lambar sojansa a tsohuwar takarda ko a gida, ita ta fi sauri. Waɗanda ba a ga gawarsu ba, sunayensu na jikin bangon tunawa na Rangun, a maƙabartar Taukkyan da ke can ƙasar Bama.