Amsa: Kayan sawa a tafiyar kwalekwale ta Kogin Yukon

Ka tambaya ko kayan auduga za su isa a tafiyar kwalekwale daga Whitehorse zuwa Dawson City a Kanada, tunda watan Yuli ne. A'a, bar su a gida. Nemi rigunan ulu ko na roba masu saurin bushewa, saiti biyu. Ɗaya a jikinka, ɗaya a jakar da ruwa ba ya shiga, ɗaure da kwalekwalen.

Ruwan kogin daga narkakkiyar ƙanƙara yake, ko ana rana sanyinsa na ratsa ƙashi. Auduga in ta jiƙe sai ta zuƙe ɗumin jiki har yatsu su kasa riƙe filafili. Abin ya fi muni a Tafkin Laberge mai tsawon kilomita 50 da kogin ke ratsawa, inda iska kan taso nan take, shi ya sa jagora ke bin gaɓa.