Tambaya da Amsa: Wai 'yan libatariya basa son gwamnati ne kwata-kwata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Naga bidiyon shugaban Ajantina Javier Milei yana ɗaga injin yanka katako a gaban jama'a wai zai datse gwamnati, akace min shi ɗan libatariya ne kuma su a wajensu haraji sata ne. To in ba gwamnati waye zai kama ɓarawo, waye zai hana 'yan kasuwa tsawwala wa talaka?
Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. 'Yan libatariya, wato masu fifita 'yancin mutum da na kasuwa akan ikon gwamnati, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai irinsu masanin tattalin arziƙi Murray Rothbard da suke cewa a soke gwamnatin gaba ɗaya har kotu da 'yan sanda a bar wa kamfanoni, shi Milei a nan yake jingina kansa, duk da dai da ya hau mulki a Disambar 2023 ma'aikatu ya rage daga 18 zuwa 9, bai soke gwamnatin ba. Amma mafi yawansu, kamar masanin falsafa Robert Nozick, cewa suke a bar gwamnati 'yar ƙarama, ta tsare rai da dukiya ta raba gardama a kotu, sauran ta cire hannunta. Kinga kenan ɓarawo dai zai sha kamu.

Inda nake so ki tsaya ki duba da kyau shine maganar farashi, don wallahi nan ne hujjarsu tafi ƙarfi. Friedrich Hayek, masanin tattalin arziƙin da ya samu kyautar Nobel a 1974, cewa yayi farashi saƙo ne, in kaya yayi tsada yana gaya wa mai sarrafawa ya ƙaro yana gaya wa mai saye ya rage, kuma babu wani ma'aikaci a ofis komai iliminsa da zai iya sanin abinda miliyoyin mutane suka sani a warwatse. In gwamnati ta ƙayyade farashi ƙasa da abinda aka kashe, kayan ɓuya suke, su koma kasuwar bayan fage. Shugaba Nixon ya daskarar da farashi a Amurka a Agustan 1971 na kwana 90, ya sake a 1973, a karo na biyun nan sai da masu kiwon kaji suka rinƙa nutsar da 'yan tsaki a ruwa saboda abincin da zasu ci yafi kuɗin da aka yarda a saida su. A Jamus ta Yamma kuwa akasin haka aka gani, watan Yunin 1948 aka canza kuɗi aka ba kowa sabon mak 40 a hannu, Ludwig Erhard, jami'in dake kula da tattalin arziƙi a lokacin, ya cire ƙayyade farashin kaya da yawa, shagunan da jiya kantocinsu fayau aka wayi gari cike da kayan da ake rantsuwa babu su. Dama suna nan, ɓoyewa akayi.

Amma ni fa ban bisu har ƙarshe ba. Suna cewa duk cinikin da mutum biyu suka yi da yardarsu halal ne ba ruwan kowa, to wace irin yarda ce tsakanin mai masaƙa da yaro ɗan shekara 8 da yunwa ta koro? A Ingila sai da majalisa tayi doka a 1833 ta hana ɗaukar yara 'yan ƙasa da shekara 9 a masaƙun auduga, ta kuma naɗa sufetoci masu zagayawa. 'Yan libatariya zasu ce miki arziƙin da masana'antu suka kawo ne ya ba iyaye damar cire yaransu, dokar bin baya tayi kawai, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai yaron da yake tsaye gaban inji awa 12 a rana, ƙurar auduga na cika masa ƙirji, bazai iya jira sai ƙasa tayi arziƙi ba, kuma har yau ban ji amsarsu akan wannan da ta kwantar min da rai ba.