Bayan digirgir, ina zan nemi gurbin bincike kan yanayin sararin samaniya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina gab da kammala digirin digirgir a fisiks, bincikena kan ayonosfiya ne, wato sashen saman iskar duniya mai ɗauke da cajin lantarki. Ina son ci gaba da bincike kan filazma (iskar gas mai cajin lantarki) da yanayin sararin samaniya, wato yadda abin da rana ke fesowa ke shafar duniya da kewayenta. Ina ake samun gurabe, kuma me suke dubawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sa a gama lafiya. Kin shigo fagen a lokacin da ake bukatar mutane. A watan Maris na 1989 guguwar rana ta katse lantarkin lardin Kibek na Kanada na kusan awa 9. A Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya yi asarar yawancin taurarin ɗan'adam na Starlink 49 da ya harba, saboda guguwa ta ɗumama saman iska ta kumbura, taurarin suka kasa hayewa. Wannan ne ya sa gwamnatoci ke zuba kuɗi a hasashen irin waɗannan guguwoyi.

Guraben iri biyu ne, kuma rashin bambance su na sa mutane ɓata lokaci. Akwai wanda farfesa ya riga ya samo kuɗin wani aiki, yana neman mai taya shi na shekara 2 ko 3. A nan tambayar binciken tasa ce, abin da yake so ya gani shi ne ko kin iya aikin. Irin waɗannan guraben kan taru ne a gefen kumbunan bincike: Parker Solar Probe da aka harba a 2018, wanda a Disambar 2024 ya kusanci rana da tazarar kilomita miliyan 6.1, Solar Orbiter na 2020, da MMS, kumbuna huɗu da tun 2015 suke auna yadda layukan maganaɗisu ke tsinkewa su sake haɗewa. Ki riƙa leƙa shafukan cibiyoyi irin su Max Planck ta binciken rana da duniyoyin da ke kewaya ta a Gottingen ta Jamus, IRF ta Suwidin, ISEE ta Jami'ar Nagoya a Japan, da cibiyar SANSA da ke Hermanus a Afirka ta Kudu.

Iri na biyu shi ne tallafin da ke da kanki za ki rubuta tsarin bincikenki, ki samo mai masauki, wato farfesan da zai karɓe ki a cibiyarsa, ku nema tare. Daga cikin masu ba da irin wannan tallafi, Marie Curie ta Tarayyar Turai ba ta duba ƙasar mutum, amma kada ya kasance kin riga kin zauna a ƙasar da za ki je fiye da wata 12 cikin wata 36 da suka wuce, kuma akan rufe karɓar takardu a Satumba. Humboldt ta Jamus tana son waɗanda ba su wuce shekara 4 da gama digirgir ba, JSPS ta Japan kuma shekara 6. A Amurka akwai shirin NASA na masu digirgir da tallafin Jack Eddy. Ki fara karanta sharaɗin ɗan ƙasa kafin ki rubuta ko layi ɗaya, domin wasu, kamar na ESA, hukumar sararin samaniya ta Turai, na 'yan ƙasashen da ke cikinta ne.

A ganina wannan na biyun ya fi wuya amma ya fi gina mutum, don kuwa tambayarki za ki bi. Sai dai ba a samunsa da gaggawa. Ki rubuta wa mai masaukin tun da saura kamar shekara guda, gajeriyar wasiƙa: ga maƙalarku da na karanta, ga abin da na gano, ga abin da nake son mu gwada. Wasiƙa guda da aka watsa wa farfesoshi da yawa ba ta cika samun amsa ba.

Abin da suke dubawa kuwa: maƙala ko da biyu ce wadda sunanki ne a farko, wasiƙun shaida daga waɗanda suka san aikinki da gaske, da iya sarrafa bayanai da Python, wani yaren shirya kwamfuta. Wannan na ƙarshen yana hannunki tun yau. Bayanan kumbunan NASA kyauta ne a shafukan intanet na CDAWeb da OMNI, haka na taurarin Swarm uku na ESA. Ki ɗauki babbar guguwar rana ta Mayun 2024, ki haɗa ma'aunin iskar rana (filazmar da rana ke fesowa) da abin da ya faru a ayonosfiya, ki fitar da sakamako. Wanda ya ga wannan ya san ba sai ya koya miki daga tushe ba.

Kada ki raina fanninki don ba kumbo mai tunkarar rana ba ne. Kumfar filazma da ke tasowa a ayonosfiyar yankin ikwaita bayan faɗuwar rana tana dagula siginar GPS da sadarwar jiragen sama, kuma har yanzu hasashen daren da za ta taso yana ba masana wuya. Idan kuwa kina son faɗaɗawa zuwa garkuwar maganaɗisun duniya, ki zaɓi ƙungiyar da za ta koya miki kwaikwayon filazma a kwamfuta, kuma kafin ki amsa tayi ki tambayi waɗanda suka taɓa aiki da shugabanta yadda suka ƙare.