Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: An Yi Mini Dashen Gashi, Ga Shi Yana Zubewa

Likita, mako biyar ke nan da aka yi mini dashen gashi a gaban kai. Yanzu duk safiya sai na ga gashin a kan matashi. Aikin ya lalace ne?

Malam, kwantar da hankalinka, bai lalace ba. Abin da aka dasa maka saiwar gashi ce, wato tushen da ke cikin fata, silin da kake gani a waje kuwa rakiya ya yi. Idan aka ciro saiwa daga ƙeya aka kai ta sabon wuri, takan shiga hutu ta saki tsohon silin. Wannan zubewa takan fara tsakanin mako na 2 zuwa na 8 bayan aiki, kuma kusan duk wanda aka yi wa dashe yana ganinta. Har gashinka na asali da ke kewaye da wurin zai iya zubewa na ɗan lokaci, saboda wahalar da fatar ta sha.

Sabon gashi yakan fara leƙowa a wata na 3 zuwa na 4, siriri, mara ƙarfi, wani wuri ya riga wani. Gashi na yin tsawon kusan santimita 1 ne a wata, don haka kada ka yanke hukunci kafin wata 12. Tsakiyar kai ma takan kai wata 18. Amma idan zubewar ta zo da ciwo mai ƙaruwa, ko mugunya, ko zazzaɓi, ka koma wurin wanda ya yi maka aikin a ranar.

Yaushe zan iya sa hula da yin aski?

Saiwar takan kama sosai bayan kimanin kwana 10, daga nan za ka iya sa hula mara matsi. Askin inji a wurin dashen kuwa sai likitanka ya ba ka izini, kuma almakashi ya fi aminci a watannin farko.

Abokina ya ce in riƙa goga dakakkiyar tafarnuwa da ɗan kananzir a wurin, wai zafinsu yana tayar da gashi. Na yi sau uku, wurin ya yi ja yana raɗaɗi. In ci gaba?

Ka daina yau, don Allah. Wannan magana tana ɓata mini rai ƙwarai, domin mutum zai jure allura da awoyi a kwance, sannan ya dawo gida ya ƙona abin da aka dasa masa da hannunsa. Ɗanyar tafarnuwa tana ƙona fata kamar yadda sinadari ke yi, har ta tayar da bororo. Kananzir yana narkar da maiƙon da ke kare fata ya bar ta a buɗe ga ƙwayoyin cuta. Haka man birki, da man gyaran gashi mai sa shi laushi, da man shafawa mai sitiroyid da ake saya ba da takardar likita ba. Raɗaɗin da kake ji ba alamar magani na aiki ba ne, alamar fata na ƙonewa ce.

Ga dalilin da ya sa abin ke damuna. Gashin da ya zube bayan dashe yana dawowa da kansa, domin saiwar na raye. Idan kuwa ƙuna ta yi zurfi ta bar tabo, saiwar ta mutu ke nan, kuma gashi ba ya fitowa a kan tabo. Saiwoyin da ke ƙeyarka ƙidayayyu ne, duk wadda aka ciro ba ta sake tsirowa a can. Ka ga ke nan asarar ta zama biyu. Masu baƙar fata kuma sun fi saurin samun tabo mai kumbura, wanda ake kira keloid, kuma maganinsa na da wahala.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne lokaci. Wani zai fara shafa irin wannan haɗi a wata na 2, gashi ya fito a wata na 4 kamar yadda da ma zai fito, sai ya ce haɗin ne ya yi aiki, ya je ya koya wa wani.

Yanzu ka wanke wurin da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulun wanke gashi mara ƙarfi, da tafin yatsu ba da farce ba. Kada ka ɓamɓare ɓawon, kada ka ƙara shafa komai. Ka je likita ya duba cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ka gaya masa ainihin abin da ka shafa, kada kunya ta hana ka. Idan fatar ta fara yin baƙi, ko tana tsattsafo da ruwa mai wari, kada ka jira gobe.

Wata uku da aikin, ƙananan ƙuraje suna fito mini a wurin.

Yawanci sabon gashi ne ke neman hanyar fita. Ka jiƙa tsumma mai tsafta da ruwan ɗumi ka ɗora na minti 10, sau biyu a rana, kada ka matse. In sun yawaita ko suna ciwo, ka ga likita, mai yiwuwa kana bukatar maganin ƙwayoyin cuta.

Shekara biyu ke nan da dashe. Gaban ya yi kyau, amma bayansa yana ta raguwa. An yaudare ni ne?

Ba lallai ba ne, sai dai da alama ba a yi maka cikakken bayani ba. Dashe ba ya warkar da sanƙo, gashi kawai yake ɗaukowa daga wuri zuwa wuri. Sanƙon gado yana faruwa ne saboda wani sinadarin jiki mai suna DHT, wanda ke sa saiwoyin gaba da tsakiyar kai su riƙa ƙanƙancewa. Na ƙeya da gefen kai sun fi jure masa, shi ya sa ake ɗibar su. Gashinka na asali da ke bayan dashen bai samu wannan kariya ba, yana ci gaba da tafiyarsa.

Magunguna biyu aka fi amfani da su. Minoxidil mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, ana shafa mililita 1 a busasshiyar fatar kai sau biyu a rana, kuma zai iya ƙara zubewa a makonnin farko kafin ya daidaita. Sai ƙwayar finasteride, miligram 1 a rana, wadda ke rage DHT. Tana rage wa wasu maza ƙalilan sha'awa, don haka likita ne zai rubuta ta bayan kun tattauna. Duka biyun suna bukatar wata 3 zuwa 6 kafin a ga canji, kuma in an daina, amfaninsu yana gushewa. Kada ka yi gaggawar dashe na biyu kafin zubewar ta tsaya.

Ni mace ce, an yi mini dashe a gefen goshi. Zan iya shan ƙwayar mijina?

A'a, Malama. Finasteride na iya illata halittar al'aurar ɗa namiji a ciki, mai juna biyu ko fasasshiyar ƙwayar ba ta taɓawa. Ki je a auna miki sinadarin ƙarfe a jini da aikin ƙwayar maƙogwaro ta tayiroid, ƙarancinsu na zubar da gashi. Ki kuma guji kitso mai ja, zai iya cire wanda aka dasa kamar yadda ya cire na farko.

Ƙeyata, inda aka ɗebi gashin, ta yi fili-fili.

Idan aikin bai wuce wata 4 ba, yana iya zama zubewar wucin gadi, zai cike. Idan ya haura shekara a haka, mai yiwuwa an ɗiba fiye da kima, kuma wannan ba ya dawowa. Ka bar gashin wurin ya ɗan yi tsawo ya rufe, ka daina shan sigari in kana sha domin tana rage gudun jini a fata, sannan ka nemi likitan fata ya duba da madubin ƙara girma kafin kowa ya sake taɓa wurin.